Abin da ya kamata ku sani game da Flying Scotsman, kan jirgin ƙasa mai kwal da ya haura shekara ɗari yana aiki

A watan Fabrairun 2023 wani kan jirgin ƙasa mai amfani da kwal ya cika shekara 100 da fara aiki a Birtaniya. Sunansa Flying Scotsman, kuma har yanzu ana hura masa wuta ya ja taragu cike da fasinjoji. Su 79 aka ƙera a zubinsa. Sauran 78 duk sun faɗa hannun 'yan gwangwan kafin ƙarshen shekarun 1960, shi kaɗai ya tsira.

An ƙera shi a kan fam 7,944. Gyaran da aka yi masa daga 2006 zuwa 2016 kuwa ya lashe fam miliyan 4.2. Kafin nan attajirai biyu sun karye a kansa. Tarihinsa yana nuna cewa sayen tsohon kan jirgi abu ne mai sauƙi, riƙe shi da rai ne jan aiki.

Wa ya ƙera shi?

An ƙera shi a masana'antar jiragen ƙasa ta garin Doncaster da ke arewacin Ingila, bisa zanen injiniya Nigel Gresley. Ya fito a 1923, shekarar da aka haɗe kamfanonin jiragen ƙasa na Birtaniya suka koma manya guda huɗu. Wanda ya mallake shi shi ne LNER, mai riƙe da layin dogon gabashin ƙasar daga Landan zuwa Sikotilan.

Da fari ba shi da suna, sai lamba 1472. A 1924 kamfanin ya so ya kai kan jirgi babban baje kolin daular Birtaniya da aka yi a Wembley, sai ya zaɓe shi, ya sauya masa lamba zuwa 4472, ya kuma ba shi sunan shahararren jirgin fasinjan nan da ke tashi daga tashar King's Cross a Landan da ƙarfe goma na safe zuwa Edinbara tun 1862. Miliyoyin mutane suka je baje kolin. Tun bai yi wani abin a zo a gani ba, sunansa ya riga ya zaga ƙasar, kamfanin kuma ya gane cewa ya samu abin talla.

Tsawonsa tare da taragon kwal da ruwa da yake ja ya kai wajen mita 21. Shi kansa nauyinsa ya kusa tan 100. Yana da ƙananan ƙafafu huɗu a gaba, manya shida a tsakiya, ƙanana biyu a baya. Manyan nan shida su ke tura shi, kuma kowace ta ɗara mita biyu a tsaye, wato ta fi dogon mutum.

Yaya kan jirgi mai kwal yake aiki?

Duk wanda ya taɓa ganin murfin tukunya yana rawa idan ruwa ya tafasa ya ga asalin abin. Tururi yana neman wurin fita, idan aka tsare shi sai ya yi ƙarfi. Kan jirgi mai kwal dabara ce ta tsare tururi a sa shi aiki.

Mafi yawan jikinsa doguwar tukunya ce a kwance, cike da ruwa. A bayanta, daidai gaban direba, akwai akwatin wuta da aka yi da jan ƙarfe, ruwa ya kewaye shi. Zafin wutar yana bi ta cikin bututu fiye da ɗari da suka ratsa ruwan har zuwa gaba, inda hayaƙi ke fita. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru a sama. Idan direba ya buɗe masa hanya, sai ya shiga silinda ya tura fistan gaba da baya, sandunan ƙarfe kuma su mayar da wannan kai-da-komowa ta zama juyawar ƙafafu. Flying Scotsman silinda uku gare shi, biyu a gefe, ɗaya a ɓoye a tsakiya. Tururin da ya gama aiki ana harba shi ta bututun hayaƙi, yana fita yana jawo iska ta cikin wutar. Shi ya sa idan jirgin ya ƙara himma wutar ma takan ƙara ruruwa, kuma nan ne ƙarar nan tasa ta caka-caka take fitowa.

Mutum biyu ke tafiyar da shi. Direba yana kula da gudu da birki da alamun hanya. Mai zuba kwal kuma da shebur yake wuni, yana ɗiba daga tarago yana watsawa ta ƙaramar ƙofar wuta, jirgi na girgiza a ƙarƙashinsa. Aikin ba na ƙarfi kawai ba ne. Dole ya san kusurwar da wuta ta yi rauni ya jefa kwal can, ya san inda hawa yake ya gina wuta tun kafin a isa, idonsa kuma kullum yana kan gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya. Idan ruwa ya ja baya har rufin akwatin wuta ya bushe, jan ƙarfen zai yi laushi, tukunyar na iya fashewa. Saboda haka ake dasa wasu matosai masu dalma a rufin, waɗanda za su narke su saki tururi cikin wutar don a farga kafin ɓarna ta auku. A da mutum yakan fara da shara da goge jirgi, ya shekara da shekaru yana zuba kwal, sannan a amince masa ya zama direba.

Me ya sa ya yi suna?

Abu biyu ne suka kafa sunansa. Na farko ya faru ranar 1 ga Mayun 1928, lokacin da ya ja jirgin farko da ya tashi daga Landan zuwa Edinbara ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba, tafiyar kilomita 631 cikin awa takwas da 'yan mintuna.

Matsaloli uku aka warware kafin hakan ta yiwu. Ta kwal, an yi masa tarago mai ɗaukar tan tara. Ta ruwa, taragon na ɗaukar fiye da lita 22,000, amma wannan ba zai kai ko rabin hanya ba. Don haka a wasu wurare aka shimfiɗa dogon kwami mai ruwa a tsakanin dogayen biyu, tsawon ɗaruruwan mitoci. Idan jirgi ya iso a guje, mai zuba kwal sai ya sauke wani mazurari cikin kwamin, gudun jirgin ya tura ruwa sama zuwa cikin tanki a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan ya makara wajen ɗage mazurarin, tanki ya cika ya tumbatsa, fasinjan taragon farko da ya bar taga a buɗe ya sha wanka.

Ta uku ita ce gajiyar ma'aikata, domin babu mai iya zuba kwal awa takwas ba hutu. Gresley ya ratsa wani siririn lungu ta gefen taragon kwal, tsayinsa mita ɗaya da rabi, faɗinsa bai kai rabin mita ba. Wajen tsakiyar hanya, sabon direba da sabon mai zuba kwal da ke zaune a taragon fasinja sai su sunkuya su bi ta lungun su karɓi aiki, waɗanda suka gaji su koma ta nan, jirgi bai rage gudu ba.

Abin mamaki, rashin tsayawar bai sa an isa da wuri ba. Kamfanonin gabas da na yamma suna da tsohuwar yarjejeniya ta kada su yi tsere zuwa Sikotilan, wadda ta kayyade tafiyar a kan awa takwas da kwata. Sai a 1932 aka yi watsi da ita.

Abu na biyu ya zo ranar 30 ga Nuwamban 1934. A wata tafiyar gwaji tsakanin Landan da Leeds, da direba William Sparshatt, ya yi gudun mil 100 a awa, kimanin kilomita 160, a kan wata gangara da ake kira Stoke Bank. Akwai masu cewa wani kan jirgi mai suna City of Truro ya riga shi tun 1904, sai dai da agogon hannu aka auna wancan, kuma har yau ana gardama a kai. Na Flying Scotsman da tarago na musamman mai na'urar awo aka tabbatar. Bai daɗe da kambun ba. A 1938 Mallard, shi ma zanen Gresley, ya yi mil 126 a awa, kuma har yau babu kan jirgi mai tururi da ya wuce haka.

Yaya ya kuɓuta daga 'yan gwangwan?

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an shafe koren fentinsa da baƙi, ya shiga jigilar da yaƙi ya kawo. A 1947 aka sa masa tukunya mai ƙarfin tururi fiye da ta da, ya tashi daga rukunin A1 zuwa A3. A 1948 gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa duka, ya samu lamba 60103.

Amma zamanin kwal ya zo ƙarshe. Kan jirgi mai tururi ko kashi goma cikin ɗari na zafin kwal ɗin da ya ci ba ya mayarwa aiki, sauran duk asara ne. Yana buƙatar awanni kafin ya tashi, da ma'aikata masu yawa, ga toka da hayaƙi. Mai dizal kuwa kunnawa kawai ake yi. A 1955 hukumar jiragen ƙasa ta fitar da shirin komawa dizal da lantarki, zuwa Agustan 1968 an daina amfani da tururi a manyan layukan ƙasar.

Flying Scotsman ya yi tafiyarsa ta ƙarshe ta aiki a Janairun 1963, bayan ya ci fiye da mil miliyan biyu. Ba ya cikin jerin waɗanda hukuma ta ware don adanawa. Wani ɗan kasuwa, Alan Pegler, wanda ya fara ganinsa a Wembley yana ƙaramin yaro, ya biya fam 3,000 ya saye shi. Ya mayar masa da koren fenti da lamba 4472, ya kuma ƙulla yarjejeniyar da ta ba shi damar hawa manyan layuka. Da aka hana sauran masu tururi hawa a 1968, shi kaɗai ya rage da izini. Da aka fara cire kwamin ruwa daga kan hanya, Pegler ya ƙara masa tarago na biyu na ruwa zalla.

Sauran tsofaffin jirage da dama sun tsira ne ta wata hanya dabam. A garin Barry da ke Wales, wani dillalin tsohon ƙarfe, Dai Woodham, ya sayi kusan 300, amma ya ga yankan tsofaffin taragun kaya ya fi sauƙi, sai ya bar kawunan jiragen suna jibge. Cikin shekaru masu sha'awa suka yi ta karo-karo suna fansarsu ɗaya bayan ɗaya, har guda 213.

Me ya kai shi Amurka da Ostireliya?

A 1969 Pegler ya loda shi a jirgin ruwa zuwa Amurka don tallata kayan Birtaniya, da goyon bayan gwamnatin Harold Wilson. Dokar can ta sa aka ɗaura masa ƙararrawa da babbar fitila da shingen ture dabbobi a gaba. Zagayen farko daga Boston zuwa Houston ya yi armashi. A 1970 gwamnati ta sauya a Landan, tallafi ya tsaya, Pegler ya ci gaba da kuɗin aljihunsa har Kanada da San Francisco. Zuwa 1972 bashi ya yi masa katutu, ya karye. Aka killace jirgin a wani sansanin soja a California don kada masu bin bashi su kama shi. Pegler kansa aiki ya yi a jirgin ruwa ya samu ya koma gida.

William McAlpine, na gidan masu kamfanin gine-gine, shi ya biya basussukan ya dawo da shi ta mashigin Panama a farkon 1973. Ya riƙe shi fiye da shekara ashirin. A hannunsa ne ya je Ostireliya a 1988, inda ranar 8 ga Agustan 1989 ya yi kilomita 679 daga Parkes zuwa Broken Hill bai tsaya ba, tafiya mafi tsawo da kan jirgi mai tururi ya taɓa yi a haka.

A 1996 Tony Marchington ya saye shi a kan fam miliyan 1.5, ya kashe wani abu kamar miliyan ɗaya wajen gyara. A 2003 shi ma ya karye. Da aka sa jirgin a gwanjo a 2004, tsoro ya kama mutane kada a fitar da shi waje. Gidan Tarihin Jiragen Ƙasa na Birtaniya da ke York ya nemi taimako, jama'a suka yi karo-karo, attajiri Richard Branson ya ƙara nasa, wani asusun gwamnati na adana kayan tarihi ya ba da fam miliyan 1.8. Aka saye shi a kan miliyan 2.3, ya zama mallakin ƙasa.

Me ya sa gyaransa ya ci shekara goma?

Da aka fara kwance shi a 2006, an ɗauka aikin ba zai daɗe ba kuma ba zai kai fam miliyan ɗaya ba. Amma duk abin da aka buɗe sai a tarar da wata cutar a ƙarƙashinsa. A 2011, har an nuna shi ga jama'a a kan an kusa gamawa, sai aka gano tsagewa a firam ɗinsa, wato dogayen faranti biyu na ƙarfe da ke ɗauke da tukunya da silinda da ƙafafu. An kuma gano cewa silindar tsakiya ba ta zauna daidai ba. Rahoton binciken da gidan tarihin ya sa aka yi ya nuna ba a duba lafiyar jirgin da kyau ba kafin a saya, kuma an raina girman aikin. Daga ƙarshe aka miƙa shi ga kamfanin Riley & Son da ke Bury a lokacin, aka sake sashen gaba na firam ɗin.

Ranar 25 ga Fabrairun 2016 ya tashi daga King's Cross zuwa York. Jama'a suka yi dafifi a tashoshi da gadoji da gonaki, har wasu suka hau kan dogo don ɗaukar hoto, dole aka tsayar da shi a hanya.

Tsadar ba ta Flying Scotsman kaɗai ba ce. Tukunyar da ke riƙe tururi mai irin wannan ƙarfi abu ce mai haɗari, don haka doka ta sa masu bincike su riƙa duba ta a kai a kai, kuma aƙalla duk shekara goma sai an kwance ta gaba ɗaya. Akwatin wuta yana manne da bangon tukunya da ɗaruruwan ƙusoshi, kowanne sai an gwada shi, a sauya wanda ya karye. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, wannan ke gajiyar da shi. Shi ya sa ba a yi wa tukunya gaggawa: ana kunna 'yar ƙaramar wuta tun jajibirin tafiya don ta ɗumama sannu a hankali. Bayan 'yan kwanaki na aiki kuma sai an zubar da ruwan an wanke dattin da ya daskare a ciki. Kayan gyara ba a kanti suke ba. Duk abin da ya lalace sai an koma tsohon zane an ƙera sabo. Ga na'urorin tsaro da rediyon zamani da dole a ɗaura masa kafin a bar shi ya hau layi ɗaya da jiragen lantarki, inda ba a yarda ya wuce mil 75 a awa ba.

Shi ne dai na 1923?

Wannan tambaya ce da masu sha'awar jirage ba sa gajiya da ita. Tukunyar da ke kansa yanzu ba ita ce ta farko ba. An sauya silinda, an sauya tarago, an sauya ƙafafu, an sauya sashen firam. Abin da ya rage na ainihi kaɗan ne. Amma haka yake tun yana aiki: a Doncaster, idan kan jirgi ya shigo babban gyara, ɗauke tukunyarsa ake yi a ɗora masa wata da aka riga aka gyara don ya koma aiki da wuri.

Nan gidajen tarihi suka rabu biyu. Wanda aka ajiye a zaure, kamar Mallard a York, ƙarfensa na da yana nan, amma ba ya motsi. Wanda ake hura wa wuta kuwa cinye kansa yake yi, kowace tafiya tana rage wani abu na asali. Abin da ake samu a madadin haka shi ne sana'ar ta ci gaba da rayuwa: maƙerin tukunya, mai dasa ƙusa da zafinta, mai zuba kwal da ya san wutarsa. Waɗannan ba a koyonsu daga littafi.

Har launinsa ma abin gardama ne. Da yawa sun fi son koren LNER mai haske da lamba 4472. Gidan tarihin ya zaɓi kore mai duhu da lamba 60103, bisa hujjar cewa bututun hayaƙi mai baki biyu da faifan kore hayaƙi da ke gefen goshinsa a ƙarshen aikinsa aka sa su, don haka wannan kamar ce ta dace da jikin da yake da shi yanzu.

Mu ma mun yi amfani da irinsa?

Ƙwarai. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Kawunan jirage masu tururi, akasarinsu ƙirar masana'antun Birtaniya, su suka yi ta jan gyaɗa da auduga da fatu da kuza zuwa bakin teku, da kwal ɗin Enugu ake hura su. Flying Scotsman kansa ba zai iya hawa wannan tsohon layi ba, domin tazarar dogayensa ta fi ta Birtaniya ƙanƙanta. Dizal ya fara shigowa tun shekarun 1950, a hankali ya kori masu tururi. A Ebute Metta da ke Legas, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa, akwai tsohon gini mai suna Jaekel House da aka gyara aka mayar ƙaramin gidan tarihi, mai hotuna da kayan aikin reluwe na da. Dattawan da suka yi aiki a kan waɗannan jirage a Zariya da Kafanchan da Minna kuwa kullum raguwa suke yi.

Me ke gabansa?

Birtaniya tana da ƙananan layukan tarihi fiye da 100, akasarinsu 'yan sa-kai ke tafiyar da su, tun daga Talyllyn da ke Wales wanda aka fara ceta a 1951. Har sabon kan jirgi mai tururi aka ƙera daga tushe, mai suna Tornado, aka gama a 2008 da kuɗin karo-karo. Masu so dai ba su ƙare ba.

Abin da ke neman ƙarewa shi ne kwal. An rufe mahaƙar ƙarƙashin ƙasa babba ta ƙarshe a ƙasar, Kellingley, a 2015. A 2023 kuma aka rufe Ffos-y-fran ta Wales, wadda jiragen tarihi suka dogara da ita don kwal mai kyau. Yanzu ƙasar da ta fara jirgin ƙasa da kwal ɗinta sai ta sayo daga waje da tsada, ana kuma gwada wasu dunƙulen makamashi da aka haɗa da tarkacen amfanin gona. A lokacin bazara idan ciyawa ta bushe, akan hana masu tururi fita ko a haɗa su da mai dizal, don tartsatsinsu na tayar da gobara a gefen hanya.

Flying Scotsman ya fi sauran sa'a, domin mallakin ƙasa ne kuma sunansa na sayar da tikiti. Duk da haka dokar tukunya ba ta san suna ba. Idan wa'adinta ya cika za a sake kwance shi, kuma ko zai sake tashi ya dogara ne ga samun kuɗin, da samun matasan da suka koyi aikin daga hannun waɗanda suka gyara shi a 2016.